Yadda Na Ɗauki Surukina Zuwa Dapaong a Kan Tayoyin Bazara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tabbatar cewa mutuncin ɗan Adam kacokan a kan wuri huɗu yake tsaye ba, kowane wuri kuma bai fi faɗin tafin hannu ba. Masana sun cika littattafai a kan abin da ke ɗaga al'umma da abin da ke kayar da ita. Wasu sun ce ilimi, wasu sun ce adalci, wasu sun ce damina mai kyau. Ni dai, bayan shekara goma sha tara ina koyar da falsafa a wata lise, wato makarantar sakandare, a Sokode, gudummawata ga wannan muhawara ita ce taya. Abin da ya taɓa ƙasa shi ke da hukunci, sauran duk fasinja ne.

Ƙanena da ke zaune a Jamus ne ya aiko da mota ta tashar jirgin ruwa ta Lome, ya ce in ajiye masa har ya zo hutu. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya har akuya tana leƙa cikinta ba tare da ta ɗaga wuya ba. Ranar da ta iso Zongo rabin unguwa ya zo kallo, wata tsohuwa ma ta tambaya ko nan gaba za ta ƙara girma. Da tayoyin ƙanƙara na can ƙasar ta zo, sun suɗe kamar kan da wanzami ya gama da shi. Ƙanen nawa ya ce a waya, "Yaya, ka zaɓa mata sababbi. Kai ne mai karatu a gidanmu." (In kana son ka halaka malamin makaranta ba sai ka je wurin boka ba. Wannan maganar ta isa.)

Ina da permi, wato lasisin tuƙi, tun ina saurayi, amma gaskiya abin hawana babur ne. Wannan bai dame ni ba, domin a ganina abin da ba a sani ba karanta shi ake yi. Mako biyu na yi ina karatun taya kamar mai shirin jarrabawa. Na gano Turawa sun raba taya gida-gida bisa yanayi: akwai ta hunturu, akwai ta bazara, akwai ta kowane lokaci. Nan take na shirya hujja irin wadda nake rubuta wa ɗalibai a allo. Tayar bazara don zafi aka yi ta. Ƙasarmu zafi gare ta daga Janairu zuwa Disamba. Saboda haka duk direbobin Togo a kan kuskure suke, kuma ni aka bai wa aikin gyara shi. Cikin tayoyin bazarar ma sai na zaɓi ta 'yan tsere: roba mai laushi da ke manne wa kwalta, faɗi kamar faifai, gefenta siriri, da 'yar kibiya da ke nuna inda za ta juya, da harafin Y wanda ke nufin tana jure gudun kilomita ɗari uku a awa. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa wuce tamanin ba.

Na kai lambar wurin Garba, mutumin Tawa ta Nijar, mai shagon taya a bayan tasha. Ya duba takardar, ya duba hoton da ke wayata, ya ɗan karkatar da hula, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a ƙasashen Faransanci.

"Mushe, wannan ai zobe ne aka sa wa ƙarfe. Ina namanta?"

Na ce masa sirantakar gefen ita ce hikimar, ita ke hana mota tangaɗi a kwana.

"In za ka ji tawa, mu cire jantin nan," ya ce yana buga ƙarfen da taya ke zama a kai. "Mu sa ƙarami, mu ɗora masa taya mai kauri wadda rami zai daka ya gaji. Kuma biyar za ka saya."

"Mota ƙafa huɗu gare ta, Garba."

"Jaki ma huɗu gare shi, amma shi in ya yi tuntuɓe tashi yake yi."

Sai na yi masa darasi. Na yi maganar zafin kwalta, da yadda roba ke riƙo, da injiniyoyin da suka ƙare rayuwarsu a kan zanen ƙasan taya. Ya saurara da haƙurin mutumin da ya saba da masu saye iri-iri.

"Su injiniyoyin," ya ce, "sun taɓa bin hanyar Mango da damina?"

"Ilimi ba ya canzawa don an canza hanya."

"To, Allah ya ba da sa'a. Mu namu ɗaurawa ne."

Aka kawo su daga Lome, huɗu cif, aka ɗaura, ina tsaye a kansa ina duba kibiya.

Yanzu sai in gabatar muku da Baba Alhaji, mahaifin matata Ramatu. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa titan, manyan motocin kayan nan, tsakanin Lome da Wagadugu, kafin ya ajiye sitiyari. An ce a zamaninsa da jin ƙarar mota daga nesa yake faɗin wace taya ce iskarta ta ragu. Ni ban taɓa jin haka daga bakinsa ba, domin shekara goma sha huɗu da aurena, abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce. Ina cire takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, in tambayi gajiya, ya tambayi yara, in tashi. Ba na cin abinci a gabansa. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake cewa. Kunyar surukai ke nan, kuma mu duka biyu mun riƙe ta da kyau.

A hutun ƙarshen shekarar karatu, damina ta yi tsakiya, aka sa ɗaurin auren Zainabu a Dapaong, ranar Asabar bayan azahar. 'Yar ƙanen Baba ce wanda ya rasu, kuma Baba, da yake shi ne babba a gidan, shi ne waliyyinta. Wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan. In waliyyi bai zo ba, babu wanda zai ce mota ce ta lalace. Cewa za a yi bai yarda da auren ba, maganar kuma za ta bi yarinyar har ɗakinta. Baba ya riga ya shirya shiga motar tasha ranar Juma'a. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na aika masa ta bakin Ramatu (kai tsaye ai ba zai yiwu ba) cewa ni zan kai shi, ranar Asabar da sassafe, cikin mutunci da sanyin na'ura.

"Malam, ka bar Baba ya shiga motar tasha," in ji Ramatu.

"Motar da ake cusa mutum takwas a wurin mutum biyar?"

"Tana dai kaiwa."

Ban saurare ta ba. Ta isar da saƙo, ta kawo amsa cewa Baba ya gode, ta bi ayarin mata suka yi gaba.

Ranar Alhamis da yamma na wanke motar na kai ta ƙofar gidansa, wai don ya sa mata albarka. Ya fito, ya zagaya ta sau ɗaya. Sannan ya tsuguna a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya danna gefen tayar da babban yatsa. Ya sa yatsu biyu tsakanin janti da ƙasa, suka cika wurin. Ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe sai ya ce, "Madalla. Allah ya sa alheri."

Na koma gida kamar wanda aka rataya wa lambar girma. Direban shekara arba'in ya duba aikina bai sami abin gyara ba. Har na so in biya ta shagon Garba in gaya masa.

Asabar bayan sallar asuba na same shi a shirye. Ga tabarma a naɗe, ga buta, ga laima, ga filas na shayi, ga ƙunshin soyayyen wagashi, cukun Fulanin nan. Na ce a raina tsofaffi dai haka suke, tafiyar rabin yini sai su yi mata guzurin Makka. Da ƙyar but ɗin ya rufu. Shigar da shi motar ma aiki ne: babbar riga ta cika kujera ta malalo kan giya, gwiwoyinsa suka zo daidai gemu, hularsa ta tokari rufi har sai da ya cire ya ɗora a cinya. Na tayar da mota.

Dole in yi wa tayoyin adalci. Daga Sokode zuwa Bafilo, cikin kwane-kwanen duwatsun Alejo, sun yi duk abin da littafi ya ce. Motar ta manne wa kwalta kamar ƙadangare a bango. Bakina yana ƙaiƙayi, amma ba a yi wa suruki lacca. Sai na fuskanci gilashin gaba na ce, kamar mai magana da kansa, "Tana riƙe hanya."

"Tana riƙewa," in ji Baba, shi ma ga gilashin.

Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma na ji daɗinta har Kara.

Bayan mun wuce Kante sai muka tarar an kwana ana ruwa. Kududdufai a kan hanya nan da can, suna ƙyalli. A gabanmu wata titan tana tafiya tana kauce-kauce, ta yi dama ta yi hagu kamar mai rawa. Na yi tsaki a zuci, na ce ga irin direbobin da ba su yi makaranta ba. Ni da na san cewa layi miƙaƙƙe shi ne hanya mafi kusa tsakanin wuri biyu, na taka mai na wuce ta, na saita motar sak. Baba ya yi gyaran murya. Mutumin da aka ce tsawarsa tana sa yaran mota su diro daga kan kaya, abin da ya iya yi wa mijin 'yarsa ke nan: gyaran murya ɗaya. Na ɗauka sanyin na'ura ne ya dame shi, na miƙa hannu na rage.

Kududdufin da na shiga ashe rami ne ya sha ruwa ya yi shiru. Ƙara biyu na ji, ɗaya na bin ɗaya. Motar ta karkata dama, ta yi ɗingishi, ta tsaya a gefen hanya. Titan ɗin ta zo ta wuce mu tana rawarta.

Tayar gaba da ta baya, duka na dama, sun tsage a gefe, daidai wurin hikimar. Na buɗe but na fitar da kayan Baba don in ɗauko safaya, sai na tarar irin wannan mota ba a yin ta da safaya. Abin da ke wurin shi ne 'yar kwalbar farin danƙo da ɗan famfo, da takardar bayani cikin Jamusanci. Tsagar kuwa yatsuna uku suna shiga. Duk da haka na zauna na bi hotunan takardar ɗaya bayan ɗaya, domin ni mutum ne mai girmama rubutu. Na ɗura danƙon, na kunna famfo, danƙon ya fito ta tsagar ya wanke gaban shaddata.

Da na waiwaya, Baba ya riga ya shimfiɗa tabarma a gindin wata kaɗanya, ya kafa laima ta gefen rana, yana zuba shayi. Babu alamar mamaki a fuskarsa ko ta ƙwayar gero. Ya kwance ƙunshin wagashi, ya tura shi gefen tabarma ta wajena, sannan ya juya ya ba ni baya yana kallon gonar dawa, don in samu in ci. Na ɗauka na koma bayan mota na tsuguna na ci. (Kunya ba ta hana yunwa. Wannan ma babu shi a littafi.)

Ƙarfe goma ta wuce. Sau uku ina ɗaukar waya in kira Ramatu, sau uku ina mayarwa aljihu, domin na san abin da za ta ce kuma na san da muryar da za ta ce shi. Na tsayar da wani mai babur ya kai ni Mango. Shago uku na shiga da lambar tayar a rubuce. Na farko ya girgiza kai. Na biyu ya kira maƙwabcinsa su kalla tare. Na uku, wani dattijo mai faci a kusa da gadar Oti, ya karanta lambar sau biyu.

"Irin wannan sai Lome. Wa ya saya maka ita?"

"Wani abokina ne," na ce.

"Yana tuƙi?"

"Yana karatu dai."

"Ka rabu da shi."

Na ce masa zan duba.

Na dawo hannu wofi, rana ta take tsaka. Muka yi alwala da ruwan buta, Baba ya ja mu sallar azahar a gindin kaɗanya. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba. Ina ganin rumfa a Dapaong, liman yana duba agogo, dangin ango suna haɗa kai suna raɗa, Zainabu a ɗaki an gama yi mata ƙunshi tana tambaya ko Baba ya iso. Marainiya ce, kuma ranar da ya kamata a ga tana da uba, na ajiye mata uban a jeji yana shan shayi.

Bayan mun sallame wata titan cike da doya ta rage gudu ta tsaya. Direban, wani mai furfura a gemu, ya sauko da sauri ya durƙusa gaban tabarma. Idi sunansa, a hannun Baba ya koyi mota shekaru da yawa da suka wuce. Da suka gama gaisawa ya je ya duba motar, ya tsuguna, ya sa yatsa cikin tsagar.

"Baba, wa ya ɗaura wa motar nan wannan abin?"

"Hanya ce, Idi. Hanya ba ta da kyau bana."

"Hanya kam kullum haka take. Amma Baba, da ni na sayo irin wannan lokacin ina yaronku, ai da kunnen nan nawa..."

"Naɗe tabarmar."

Idi ya dube ni, ya dubi danƙon da ke gaban rigata, ya naɗe tabarma.

Muka tura motar zuwa ƙofar gidan wani manomi da ya yarda ya sa mata ido. Idi ya ce akwai wuri a gaba in an matsa. Na ce a'a, ina son iska. Gaskiyar ita ce ba zan iya zama kafaɗa da kafaɗa da mutum biyu da suka san taya ba. Na hau saman kaya na zauna a kan doyar Sotubuwa, daga nan har Dapaong.

A kan doyar nan na shirya jawabi. Ba ni da abin da zan gyara ɓarnar da shi sai abin da na iya, don haka na tsara shi yadda nake koya wa 'yan ajin ƙarshe: gabatarwa, jigo uku, kammalawa. Na maimaita shi har na haddace.

La'asar ta yi sanyi muka isa Zongon Dapaong. Rumfa tana nan, maza suna zaune a kan tabarmi. Na diro, jar ƙasar doya ta manne a kan farin danƙo, na cire takalmi tun daga nesa, na shiga tsakiyar fili na durƙusa na nemi izinin magana. Liman ya ba ni izini.

Na fara da yabon Allah da gaisuwa ga liman da dattawa. A jigo na farko na bayyana cewa waliyyi bai ƙi auren nan ba, yana son sa, tun asuba yake kan hanya. A jigo na biyu na ɗauki laifin duka a kaina, na yi bayanin tayar bazara da sirantakar gefenta (har da harafin Y, Allah ya sani ban san abin da ya kai ni ba). A na uku na roƙi dangin ango, don girman zumunci, kada su tafi da fushi, su kwana, a ɗaura auren gobe da safe. Ina cikin kammalawa ne idona ya fara ganin abin da ya kamata ya gani tun farko: kwanonin shinkafa a wanke a kife, ɓawon goro da takardun alewa a ƙasa, wani saurayi cikin farar shadda abokansa suna tsokanarsa yana murmushi.

Liman ya gyara zama. "Malam, wane aure za a ɗaura gobe? Akwai wata yarinyar ce?"

Wani tsoho daga dangin ango ya ce, "In akwai, muna da wani yaron."

Dariyar ta fara daga baya ta taho gaba. Baba Sule, autan su Baba Alhaji wanda ke zaune a Dapaong, ya taso ya kama hannuna ya ɗaga ni.

"An ɗaura tun bayan azahar, Malam. Ni na ba da ita. Yaya ya wakilta ni, liman ya sani, dangin ango sun sani. Zo ka wanke hannu ka ci abinci."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sannan, don in tsira da ɗan abin da ya rage, na ƙara da cewa lallai Baba ya yi hangen nesa da ya kira waya lokacin da na tafi Mango neman taya. Baba Sule ya buɗe baki, ya dubi yayansa. Baba Alhaji yana zaune kusa da liman yana jan carbi, idonsa a kan tabarma. Baba Sule ya rufe bakin, ya ce a kawo mini ruwa.

Motar a bayan wata titan ta koma Sokode bayan kwana huɗu. Garba ya sa mata ƙaramin janti da tayoyi masu nama, guda biyar, ta biyar ɗin a kan kujerar fasinja take zama don but ba ya ɗaukar ta. Tun daga ranar in zan wuce yakan miƙe tsaye ya gaishe ni, abin da bai taɓa yi ba a da.

Darasin da na ɗauka, ga wanda yake so, shi ne: in masani ya yi maka gardama, ka gode masa, domin yana ganin za ka gyaru. In kuwa surukinka ne masanin, ya duba aikinka ya ce madalla bai ƙara komai ba, to kada ka tafi gida da murna. Ka nemi wanda ba ya jin kunyarka ka tambaye shi.

Da muka koma gida na tambayi Ramatu ko ta san lokacin da Baba ya kira Baba Sule ya wakilta shi. Tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ranar Alhamis ne da yamma, ina barin ƙofar gidansa.